Tukunyar Toka

Laraba, 3 ga wata, da hantsi

Labule ne ya ƙone, da katakon taga, da gefen teburin aikina. Shi ke nan. Amma in ka ji yadda ake ba da labarin a layinmu, sai ka rantse unguwa ce ta tashi, aka zaƙulo ni da Maiɗakina daga cikin garwashi. Kafin in fito daga wanka jiya, maƙwabta sun kashe wutar da bokiti, mai shagon layinmu yana tsaye yana ba da umarni, mutumin da ko ashana ya ƙyasta sai ya kawar da fuska.

Ni fa. Ni da na ci abinci da gobara tun ina saurayi har furfura, ɗan kwana-kwana da ba a taɓa kai ƙararsa ba, a ce wai a gidana hayaƙi ya tashi.

Jiyan da la'asar babban ɗana ya iso. Manaja muke ce masa tun yana ƙarami saboda son ba da oda, Allah kuwa ya cika masa, ya zama manajan gaske. Ya tsaya a ƙofar ɗakin aikina yana toshe hanci da hankici.

"Baba, mantawa ka yi ka bar murhun a buɗe?"

Na dubi ƙasa. Na ce, "Eh."

Na sha ɗaukar ƙato a kafaɗa in sauko da shi daga bene, bai kai wannan "eh" ɗin nauyi ba.

Ya ce ƙarshen wata za su zauna shi da ƙanwarsa Auta su ga yadda za a yi da mu. A yi da mu! Sai ka ce tsofaffin kujeru. Ni abin da nake so bai da yawa: a bar ni da Maiɗakina a gidan nan, a bar min wutata.

Abin haushin, shi da kansa ya saya min kayan. Da na ajiye aiki na ga a waya yadda ake narka kwalba a yi duwatsun ado, na ce ina so. Ya kawo tukunyar gas da kan wuta irin na masu walda, yana cewa gara haka da zaman bakin titi. Aikin ba wuya sai haƙuri. Ka fasa kwalba, ka narka ta, ka naɗa a tsinken ƙarfen da ka shafa wa yumɓu, ka yi ta juyawa har dutse ya yi ƙwallo. In ya yi, ka binne shi a tukunyar toka mai zafi a kan murhun gawayi, ka rufe, ka kife wa murhun babban kwano, ka tafi. Da kansa zai huce. In aka buɗe da wuri iska ta taɓa shi, ya tsage. Dutse ba ya son a leƙa shi.

Ban taɓa barin ɗakin ban kife kwanon nan ba. Jiya an sami kwanon a gefe, an ƙara gawayi, ga mafici a ƙasa.

Na ce eh. Magana ta ƙare.

Maiɗaki lafiyarta ƙalau.

Alhamis, 4 ga wata, bayan la'asar

Sajan ya zo jaje, in wannan jaje ne. Tare muka yi aiki, mota ɗaya, tiyo ɗaya. Tun daga ƙofa ya ƙame ya sara min.

"Ranka ya daɗe! An ce ka sauya sheƙa. Da kana kashewa, yanzu kana kunnawa don yara su sami aikin yi."

Na ce, "Sannu, wanda ya taɓa jiƙa gidan maƙwabci sharkaf aka bar mai ci yana ci."

"Hayaƙi ne ya ruɗe ni!"

"Barci dai."

Ya shiga ɗakin yana dariya. Da ya tsuguna gaban murhun sai dariyar ta ɗauke. Tsohon kare ba ya manta sansana. Ya bi baƙin da ke bango da yatsa, ya ce, "Wannan fifita ta aka yi. Kai kuwa ba ka fifita gawayin toka."

Na ce, "Zo ka sha shayi."

Maiɗaki ta kawo, ta gaishe shi, ta tambayi iyali. Ya kurɓa. Ya dube ni, na dube shi. Gishiri ne a ciki, har da yawa. Ya shanye tas, ya ce rabonsa da shayi mai daɗi haka ya manta. Bakinsa ba linzami, amma mutum ne.

Juma'a, 5 ga wata, da yamma

Auta ta bugo waya tana kuka, wai in daina. In daina me, numfashi?

Lahadi, 7 ga wata, da hantsi

Na gano inda duwatsun ranar Talata suka shiga. Shuɗɗa ne, na kwalbar magani irin ta da, wadda na sha yawo kafin mai gwangwan ya samo min. Suna cikin kabad ɗin kicin, a kwanon da ake zuba min abinci, an rufe da murfi, an ajiye cokali a gefe. Duk sun tsage. In ka ɗaga ɗaya a rana sai ka ga tsagar kamar walƙiya a ciki. Na juye su a aljihu, na wanke kwanon, na mayar.

Ban san abin da ya tuno min da yayar Maiɗaki ba yau. Waccan da ta fara rikicewa 'ya'yanta suka ɗauke ta, suka kai ta gida mai kyau, ɗaki mai fanka, da mai kula da ita. Da muka je dubiya tana zaune bakin gado da takalmanta a hannu, tana jiran a mayar da ita gida. Damina ba ta sake zagayowa ta same ta ba. Kowa ya ce yaran sun yi ƙoƙari. Sun yi kam.

Haka kawai ta faɗo min a rai.

Litinin, 8 ga wata, da azahar

Manaja ya aiko direbansa ya ɗauke tukunyar gas. Bai ma zo da kansa ba. Direban yana ta "sannu Baba, sannu Baba" da muryar da ake gaida wanda aka yi wa aiki a ciki. Ya kama tukunyar zai mirgina ta a kwance, na daka masa tsawa ya ɗauke ta a tsaye. Ya ce, "Ashe Baba bai manta da wannan ba."

Ashe! Yau ni ake yi wa ashe.

An bar tukunyar kicin, don wai waccan a hannun Umma take, ba abin damuwa.

Laraba, 10 ga wata, da la'asar

Wanda ya hana ka rijiyarsa bai hana ka rafi ba. Mai waldan bakin titi ya ara min ƙaramar tukunya, na shigo da ita cikin buhu. Da hantsi Maiɗaki ta kishingiɗa, na kunna.

Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba. Koriyar kwalbar lemo, wadda aka yar a kwata, in ta ji wuta sai ta yi ja, ta yi laushi, ta zubo kamar zuma. Rayuwata duk faɗa na yi da wuta, sai da na tsufa na san ana zama da ita a yi hira. Amma tana da kishi. Muddin dutse yana kan tsinke, hannu ba ya tsayawa, ido ba ya ɗagawa. Ka waiwaya ƙiftawa ɗaya, ya zube gefe guda ya zama kashin akuya.

Ina tsakiyar juyawa na ji ƙarar ƙofar gida.

Na kashe, na yar da tsinken. Ban taɓa yar da dutse ba sai yau.

A bencin mai shago na same ta, ya ba ta ruwa. Ya ja ni gefe da fuskar munafukai. "Baba, Mama cewa ta yi za ta makaranta ɗauko yara. Na ce wane yara?"

Na ce, "Jikoki take nufi. Kai ba ka da jikoki ne?"

"Ai na ga ba mayafi, kuma takalmin..."

"Sugan da ka sayar min shekaranjiya rabinsa ƙasa ne. Ka ji da wannan."

Ya koma cikin shagonsa. Sugan lafiyarsa lau, amma dole a rufe bakin mutum da wani abu. Muka taho a hankali tana ba ni labarin yadda Manaja ya ɓatar da jakar makarantarsa.

Maiɗaki lafiyarta ƙalau. Tafiya ma tana da amfani ga jiki.

Alhamis, 11 ga wata, da safe

Na ɗaura wa ƙofar gida ƙararrawa. Saboda ɓarayi.

Asabar, 13 ga wata, bayan azahar

Manaja ya ce ranar Talata za a kai ni wurin likita a duba kaina. Kan da ya biya masa kuɗin makaranta.

Na zauna na yi tunani. In likita ya ce kaina garau yake, Auta ba sakarya ba ce, uwarta ta biyo a kaifin hankali. Za ta ce, to in ba Baba ba ne, wa ya buɗe murhun? Gidan kuwa mu biyu ne.

To. Za mu je.

Talata, 16 ga wata, da yamma

Likitan yaro ne, gemunsa ma bai gama shawarar fitowa ba. Yana magana da ƙarfi kamar yana kiran wanda ke tsallaken kogi.

"Baba! Yau wace rana?"

Talata ce, har kalanda tana rataye bayan ƙeyarsa. Na ce, "Juma'a."

Ya rubuta. Ya ce in riƙe abu uku, zai tambaye ni anjima: lemo, kujera, makulli. Ya yi 'yan surutansa ya dawo. Na ɗaga kai sama, na yi kamar ina laluben rufi, na ce, "Lemo. Da akuya."

Manaja ya sauke numfashi. Na ji kamar in tashi in kwaɗa masa mari, in kuma rungume shi, don da gaske abin ya taɓa shi.

Sai aka ba ni takarda in zana fuskar agogo. Hannun nan da ke ɗiga fure a kan dutsen da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, shi na sa ya tara lambobi a gefe guda kamar tumaki sun ga ruwa. Likita ya rubuta wannan ma.

Ya ce, "Wane aiki ka yi, Baba?"

Nan kam na kasa. Na ce, "Kwana-kwana."

Ya juya wurin Manaja yana murmushi. "Ka gani? Haka abin yake. Tsohon abu yana nan daram, sabon ne ke zubewa."

Wannan ya faɗi gaskiya. Ban dai ce a kan wa ba.

Da muka fito, Maiɗaki tana zaune da Auta tana gaisawa da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ina gajiya, ina iyali, Allah ya ba da lada. A gaisuwa ba a taɓa kayar da ita ba. Manaja ya ce, "Dubi Umma don Allah, kamar ba tare suka tsufa ba."

An ba ni ƙwayoyi. Suna cikin tukunyar fulawa, Allah ya ba fulawar lafiya.

Laraba, 17 ga wata, da magariba

Ta tambaye ni ko yara sun dawo daga makaranta. Na ce sun dawo, sun ci abinci.

Juma'a, 19 ga wata, bayan la'asar

Garin neman gira an rasa ido.

Ba su jira ƙarshen wata ba. Manaja ya zo da Auta, ya zauna a kujerata, ya karanto hukunci. Ni zan koma gidansa. Akwai ɗaki a ƙasa, akwai maigadi, ba wuta, ba titi. Umma kuwa ta zauna ta riƙe gidanta tunda da ƙarfinta, kuma ba ta son bene. Za a riƙa kawo ta duk mako ta gan ni.

Na ce, "Ita kaɗai?"

"Baba, ai ita ke fama da kai duk tsawon nan. A bar ta ta huta."

Ta huta! Da tukunyar gas a kicin, da ashana a kan taga, da ƙofa mai buɗewa.

Na ce ba inda za ni. Ya ce likita ya faɗa masa za a yi gardama, kada ya biye min. Maiɗaki tana gefe tana ninke tsumma ɗaya, ta warware, ta sake ninkewa, tana murmushi don ta ga baƙi.

Kakata tana da wata tatsuniya. Kurciyoyi biyu ne a sheƙa, fiffiken macen ya karye. Da maharbi ya doso bishiyar, sai namijin ya faɗo ƙasa yana jan nasa fiffiken, lafiyayye, don a bi shi a bar sheƙa. Dabara ta ci, maharbi ya bi shi. Abin da ya manta shi ne maharbi yana da jaka. In ta kawo nan sai ta tafa hannu ta ce, "To wa zai kai wa ta sheƙa hatsi?" Mu yi ta dariyar wautar kurciya.

Asabar ta makon gobe za a zo ɗaukata.

Asabar, 20 ga wata, da hantsi

Na kira Manaja a waya. Na faɗa masa ranar yau da kwanan wata. Na karanto masa lambar motarsa, da sunan malamin da ya zane shi a aji uku, da abin da ya yi aka zane shi. Na ce lemo, kujera, makulli.

Ya ce, "Masha Allah, Baba. Likita ya ce akwai ranakun da za ka warware. Maganin ma ya fara aiki."

Maganin da ke cikin fulawa!

In na yi fushi, alama ce. In na yi shiru, alama ce. In na tuna, rana mai kyau ce. In na ce ƙarya na yi wa likita, sai a ce ga shi har ya fara ƙirƙirar labari. Na gina rami da hannuna, na shiga, na kuma miƙa musu tsanin.

Lahadi, 21 ga wata, da yamma

Ban kunna ba. Ban iya barin tsakar gida.

Talata, 23 ga wata, da azahar

Auta ta zo haɗa min kaya. Tana ninke rigunana tana sharar hawaye, ni ina zaune kamar gawar da ake shirya wa likkafani tana kallo.

Na ce, "Auta, ajiye rigar nan. Kin taɓa ganin ina yin dutse?"

Ta ce a'a, kullum korarsu nake.

Na ce, "Likita ya tambaye ni, baki ya ba shi amsa. Baki kuwa kin san halinsa. Kwalba ba ta jin magana. Wanda hankalinsa ke yawo ba ya naɗa dutse ya ɗiga masa ado ya fito daidai. Ranar Asabar, kafin ku sa ni a mota, ku tsaya in yi guda a gabanku. In ya karkace, ni da kaina zan ɗauki jakata."

"Da wane gas, Baba? Ai Yaya ya ɗauke."

Idona ya kai bayan ƙofa. Ta dube ni, ta dubi buhun da ke bayan ƙofa, ta ce, "Baba!" Sai ta fashe da dariya cikin hawayen. Ta ce za ta shawo kan yayanta.

Da za ta tafi uwar ta rako ta, ta ce ta gaida mutanen gidansu. Auta ta tsaya jim. Na ce, "Mijinki take nufi. Yi sauri, hadari ya haɗu."

Ba hadari.

Juma'a, 26 ga wata, da safe

Na fasa farar kwalba da koriya. Na shafa wa tsinke yumɓu. Na tankaɗe toka. In na ci gobe, sun san kaina ɗaya. Abin da za su tambaya bayan nan, ban san amsarsa ba tukuna. Kowace ƙofa na tura, ita ce a bayanta.

Asabar, 27 ga wata, bayan la'asar

Sun zo da hantsi. Manaja ya ga tukunyar mai walda ya buɗe baki, Auta ta ce, "Yaya, ka yi alkawari." Ya harɗe hannu ya jingina da bango. Na ajiye bokitin yashi kusa, na dasa tukunyar toka a kan murhu ta yi zafi. Auta ta leƙa ta ce Umma tana barci.

Na kunna.

Ban taɓa yin irinsa ba. Koren ya naɗu sumul, ba kumfa, ba tabo. Na ja farar kwalba ta yi siriri kamar zare, na shiga ɗiga masa, ɗigo bayan ɗigo, kowanne a mazauninsa. Ɗakin tsit sai hucin wuta. Na ji Auta ta ce, "Yaya, dubi hannunsa." Ban ɗaga ido ba, amma na ji lokacin da Manaja ya sauke hannuwansa ya matso. Saura ɗigo kaɗan.

Sai na ji takunta. Takun da na fi sani a duniya.

"Kun tsaya kallo, abincin Malam zai kama!"

Ludayi a hannu ɗaya, kwanona a ɗaya. Ta wuce tsakaninsu kai tsaye zuwa murhu, ta sunkuya za ta ɗaga murfin da hannu tsirara, bakin zanenta ya sauka a kan garwashi.

Na yar da tsinken. Na rufe gas da hagu, na cafke wuyan hannunta da dama, na murje bakin zanen da tafina. Duk kafin su biyun su motsa. Dutsen ya faɗi a siminti ya ce tas.

Ta dube ni da mamaki, ta ce, "Malam, lafiya?" Sannan ta juya ta ga Manaja. Ta gyara ɗankwali.

"Sannu da zuwa, bawan Allah. Wurin Malam ka zo? Zauna a zuba maka."

Ba zan rubuta yadda fuskarsa ta koma ba.

Tafina ya tashi. Ba komai, na sha wanda ya fi wannan.

Lahadi, 28 ga wata, da azahar

Jiya ba wanda ya iya magana, yau kowa ya iya.

"Tun yaushe?" in ji Manaja.

"Tun bara."

"Ka bari muka kai ka asibiti! Ka bari na tsaya gaban likita ina..."

"Kai ka kai ni. Ni ban ce ina ciwo ba."

"Akuya, Baba? Akuya?"

"Ita ta zo min a baki."

Ya tashi ya zauna, ya tashi. Ya ce gobe zai ɗauke ta, a samo ma'aikaciyar jinya, ɗakin ƙasan yana nan a gyare. Abin da na yi wata guda ina haɗiyar wulaƙanci don kada in ji, ga shi na ji.

Na ce, "Kamar yadda aka yi wa yayarta? A gidan nan ta san inda randa take. Ta san ƙofar banɗaki ko a duhu. Ta san tabarmarta, ta san inuwar da take zama, ta san ni. A benenka me ta sani? Ko kai ma..."

Na kama bakina, amma ta riga ta fita. Ya zauna, ya rufe fuska da hannu. Ɗana ne. Na san ba mugu ba ne, oda ce kawai ta yi masa yawa.

Auta ce ta raba. Ta ce Umma ba inda za ta, Baba ma haka. Za a samo mace ta riƙa wuni, ita za ta riƙa biyowa in ta tashi daga aiki, abinci daga gidanta. A kai Umma wurin likita, kuma wannan karon Baba ya yi shiru a bar mai ciwo ta amsa. Na ce na ji.

Can Manaja ya ɗago, idonsa ja. Ya ce, "Zan dawo maka da tukunyarka, Baba. A sa wa ɗakin kwaɗo. Ka ci gaba da abinka."

Ka ji fa! Lokacin da nake roƙo ya aiko direba. Yanzu da na san amsar, yanzu yake min kyauta.

Na ce, "Riƙe abarka."

Suka dube ni.

Na ce, "Na shiga gidaje da yawa bayan wuta ta gama da su. Kowanne akwai mai cewa ai na sa kwaɗo, ai minti ɗaya na juya baya. Ido biyu gare ni, dutse kuwa duka biyun yake so. Da gidan wani na zo dubawa na tarar da haka, ba zan bar ko ashana ba. To nawa bai fi na wani ba."

Abin da ya fi ci min rai shi ne yaron nan tun farko ya yi daidai a kan wutar. Dalilinsa ne kawai na banza.

Litinin, 29 ga wata, da hantsi

Na bi gidan ɗaki ɗaki kamar yadda nake yi wa na mutane. Ashana, gawayi, kananzir, dutsen guga, tukunyar kicin. Na zubar da tokar a gindin bishiya. Duwatsun da na yi a baya suna cikin gwangwani, sai a samo zare. Shiryawa ba ta son wuta.

Talata, 30 ga wata, da yamma

Na ari baro na ɗora tukunyar mai walda da kan wutar da tsinkayen, in kai masa, ya ce yaronsa yana so ya koya. Mai wunin ba ta fara zuwa ba, don haka na ce wa Maiɗaki ta sa mayafi ta raka ni.

Duk layin ya fito kallo. Mai shago ya taso zai kama min, na ce ya koma ya auna sugansa. Sajan yana zaune wurin mai wanki, ya gan mu ya miƙe. Na jira baƙar magana. Ya ƙame kawai ya sara, har muka wuce.

Muna tafe a hankali, baron yana kuka, hannunta a kan hannuna mai bandeji. Ta ce, "Malam, ina za mu?"

Na ce, "Kayan aro za mu mayar."

Ta gyaɗa kai. Muka ɗan taɓa tafiya. Sai ta matso, ta rage murya don kada mutane su ji.

"Na ji yara suna cewa wai ka fara mantuwa."

Na tsaya da baron a tsakiyar titi. Wata guda ina jin maganar nan daga bakin manaja da direba da likita da mai shago, kowanne na tanadar masa amsa. Na buɗe baki.

Ta ce, "Kada ka sa a ranka. Ba ga ni ba? Ni zan riƙa tuna maka."

Na ce, "To."